Rufin gida a ƙasar zafi: wane kwano, wane launi?

Baban Ummi (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ginin da nake yi a Jambutu ya kai linta, ɗaki uku da falo da kicin, faɗinsa duka wajen murabba'in mita 120. Ina so in rufe kafin ruwan farko ya sauka. Abu biyu ne suka tsaya mini. Na ɗaya, wane kwano zan saya: alminiyum ɗinmu na gida, ko na ƙarfe mai fenti da ake shigowa da shi ta Mubi, ko mai yashi-yashin nan da ake yayi yanzu? Na biyu launi. Uwargida ta kafe a kan ruwan ƙasa mai duhu irin na maƙwabcinmu, ni kuma hankalina ya fi kwanciya da fari saboda zafi. Don Allah waɗanda suka sani su taimaka.

Ɗan Gider: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ya sa a shiga lafiya. Yaya, mai yashi ka saya kawai, baƙi ko ruwan kofi. Ka ɗaga shi sama irin rufin gidajen Yola. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo.

Baba Kafinta (Marwa, Domayo): Amin. Baban Ummi, ɗana, ka ajiye zancen launi tukuna, bari in fara da abin da ke raba mutum da rufinsa a dare ɗaya. A ƙasarmu ba ruwa ne babban abokin gāban rufi ba, iskar da ke zuwa gaban ruwa ce. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, ƙura ta riga shi isowa, sai ka ji ƙofofi na bugawa. A ɗan wannan lokacin ake ɗauke rufin makarantu da masallatai da gidaje kusan kowace shekara, daga Marwa har Kusuri. Na tsufa a wannan sana'a, kuma mafi yawan rufin da aka kira ni in mayar, kwanon lafiyarsa ƙalau. Katakon ne gaba ɗaya ya tashi da kwanonsa, don ɗora shi kawai aka yi a kan bango aka danne da bulo.

Tunda gininka yana linta, kana kan gaɓa. Ka sa a zuba ɗaurin kankare ya zagaye saman bangon duka, kuma tun kankaren yana ɗanye a binne rodi mai lamba 6 a duk inda ƙafar katako za ta zauna, a bar bakinsa biyu a waje. In an kafa katakon sai a lanƙwaso rodin ya rungume shi a buga. Kada ka yarda da siririyar wayar ɗaurin rodi, tsatsa ce ke cinye ta. Sannan bakin rufi da kusurwoyi, can iska ke sa hannu ta ɓamɓaro, don haka a nan ake matse ƙusa kusa da kusa, ba a tsallake tudu ko ɗaya. Rufi mai fuska huɗu kuma ya fi mai fuska biyu jure iska.

Katako ma ka lura. Farin katakon ayus da ake kawo mana daga gabashin ƙasa ta Belabo da Ngaundere yana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, amma gara na son shi. A shafe shi da maganin gara a ƙasa, kowace fuska, har bakin da aka yanka da zarto, ya sha ya bushe kafin a hau da shi. In da hali ma ka yi na ƙarfe wurin mai walda.

Baban Ummi (Garwa): Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gobe zan gaya wa birkilan kafin ya zuba.

Injiniya (Ngaundere): Allah ya saka wa Baba Kafinta, ya gama maganar iska. Ni zan tsaya a kan launi, don a Garwa ba ƙaramin abu ba ne. Watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Kowa a zauren nan ya san bambancin sa farar riga da baƙa a ranar bazara, to haka rufi yake. Farin fenti mai kyau yana mayar da wajen kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana sama. Baƙi ko ruwan kofi mai duhu ba ya mayar da fiye da kashi 20, sauran duk sha yake ya koma zafi. Da tsakar rana kwano mai duhu yana iya kai digiri 70 zuwa 80, fari kuwa ya kan yi ƙasa da haka da digiri 20 ko fiye. Wannan zafin ba inda za shi sai ƙasa, ya dafa iskar da ke tsakanin kwano da silin, silin ya ɗauka ya sauke wa mai ɗaki.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kwano tsirara mai ƙyalli, wanda ba fenti, yana mayar da haske sosai, amma ɗan zafin da ya sha ba ya saurin sakinsa. Fenti kuwa yana sakin zafi da sauri. Shi ya sa farin fenti ya fi tsirara sanyi, duk da cewa tsirarar ta fi mai duhu nesa ba kusa ba.

Ka tuna kuma wutar arewacin Kamaru da madatsar Lagdo ta dogara tun farkon shekarun 1980, kuma lokacin da ruwan madatsar ke ja baya shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani. Ranar da fanka ta tsaya, rufinka kaɗai ya rage maka.

Alhaji Mai Kwano (Kusuri): Injiniya, da girmamawa, lissafin takarda daban, abin da muke gani a kasuwa daban. Ni nake sayar da kayan nan. Fari wata nawa yake yi yana fari? Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ke sauka a kansa ba dare ba rana, kafin bazara ta zo ya koma ruwan ƙasa da kansa. To me aka yi ke nan? Gara mutum ya sayi launin da ƙura ba ta nunawa a kai. Kuma masu saye sun fi tambayar ja da shuɗi da ruwan kofi, ba ni na ce su so ba.

Injiniya (Ngaundere): Alhaji, gaskiya ne ƙura na rage masa aiki, ban musa ba. Sai dai ƙurar hunturunmu mai haske ce, mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, kuma ƙasar wurin fara-fara ce. Farin kwano da ya sha ƙura ya koma ruwan madara mai datti, har yanzu ya fi ruwan kofi sanyi sosai. Ruwan farko kuma yana wanke kaso mai yawa. A kan baƙin kwano ma ƙurar ta fi fitowa fili, ku duba gidajen da suka sa shi a watan Janairu. Ja da shuɗi kuwa su rana ta fi saurin ƙoɗarwa, musamman in fentin ba na masana'anta ba ne.

Alhaji Mai Kwano (Kusuri): Zancen ƙoɗewa na yarda da shi. Mai arha shekara kaɗan yake yi ya zama ruwan hoda. Amma mai kyau yana riƙe launinsa.

Hajiya Maman Sadiya (Injamena): Sallama gare ku. Ina karantawa tun ɗazu, na ga duk maza ne ke magana, alhali mace ce ke yini a ƙarƙashin rufin. Baban Ummi, kada ka ɗauki maganar uwargidanka kamar son zuciya ne kawai. Mace tana so in baƙi sun zo biki ko suna su ga gida ya yi kyau, wannan haƙƙinta ne. Amma ka gaya mata abin da zan faɗa. Gidan hayar da muka zauna a Digel kwanonsa ja ne mai duhu, ɗakin girki ba silin. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe in ka ɗaga hannu sama kana jin zafi na sauko maka a tafin hannu. Man shanu a kwalba ba ya daskarewa, kwalbar turare a kan madubi ta yi ɗumi, jariri kuwa ƙuraje suka feso masa a wuya da baya. Da azumi ya faɗo a bazara, a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida muke yini, da dare a shimfiɗa tabarma a waje har asuba, don bangon ma ya ɗau zafi.

Da muka yi namu a Farsha, ruwan madara muka sa a sama. Allon da ke zagaye bakin rufin da ƙofofi da tagogi muka yi musu ruwan kofi. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gida wannan allon yake fara gani, kuma gidan ya yi kyau ƙwarai. Ka kai ta ta shiga gida mai duhun rufi da mai hasken rufi da ƙarfe biyu na rana, ka bar ta ta zaɓa da kanta.

Baban Ummi (Garwa): Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi wannan dabarar allon ba ta zo mini ba.

Kawu Na Fitowa: Ni duk wannan gardamar tausayi take ba ni. Iyayenmu da soro suka rufa ɗaki. A jera azarar giginya, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a shafe da makuba, a fitar da indararo. Ka shiga da rana tsaka ka ji sanyi har cikin ƙashi, da hunturu kuma ɗumi. Ruwa na zuba ba ka jin ƙara, kana iya karatunka. Ku je Pus ku ga ɗakunan Musgum na ƙasa zalla, ko Gawi kusa da Injamena ku ga ginin Kotoko. Mun bar abin da ya dace da ƙasarmu mun koma sayen zafi da kuɗinmu.

Ɗan Gider: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wa zai hau soro yana yaɓe duk shekara yanzu? Giginyar ma ina take? Kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 a Yagwa da Injamena, gidajen ƙasa ne suka fi zubewa.

Kawu Na Fitowa: Ɗana, ruwan da ya kwanta a gindin bango ne ya kayar da su, ba rufin ba. Wannan maganar tushe ce. Amma zancen yaɓe da ƙarancin giginya, ban ƙi taka ba.

Injiniya (Ngaundere): Kawu yana da gaskiya a kan sanyi, kuma ba dole a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Akwai maginin Burkina Faso, Francis Kéré, da ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Bango da silin na ƙasa ya yi, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa, ya bar sarari iska na ratsawa tsakani. Kwanon ya tare ruwa da rana, ƙasar ta riƙe sanyi. A 2022 aka ba shi lambar yabo ta Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. Ko ba ka yi irin nasa sak ba, Baban Ummi, ka ɗauki hikimar: kada ka toshe tsakanin kwano da silin. Ka bar ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can sama, iska mai zafi ta samu hanyar fita. In aljihu ya yarda, a shimfiɗa takardar alminiyum mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, ko audugar gilashi a kan silin. Farin kwano ba tare da wannan ba rabin aiki ne.

Malam Sani Birkila (Injamena): Me ya hana ka zuba dakin, wato rufin kankare, kawai ka huta? Ba iska, ba gara, ba ƙara, gobe in ka samu ka hau bene. Ga simintin Figil kusa da ku.

Hajiya Maman Sadiya (Injamena): Malam Sani, dakin da ba a yi masa inuwa ba da dare yake ramawa. Yini yake yana shan rana, bayan isha'i ya fara sakewa. 'Yar'uwata a Shagwa tana da shi, sai da suka shafe samansa da farin fenti kafin ɗakin ya kwantu.

Malam Sani Birkila (Injamena): Haka ne Hajiya, yana son farin fenti ko rumfa a sama, da ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta. Kuɗinsa ma ba ɗaya ba ne da kwano.

Baban Ummi (Garwa): Dakin ya fi ƙarfina yanzu, tushen ma ba na bene aka yi ba. Mu koma kan kwano. Alminiyum ko ƙarfe?

Alhaji Mai Kwano (Kusuri): To a nan zan faɗa maka tsakani da Allah, ko da ba a wurina za ka saya ba. Alminiyum ba ya tsatsa, wannan shi ne babban abinsa. A Edeya ake narka shi tun 1957, a bakin kogin Sanaga, shi ya sa Kamaru ta saba da shi fiye da maƙwabta. Ya hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundere, daga nan mota ta gangaro da shi arewa, kuɗin hanyar nan ne ke sa ya fi tsada a wurinmu. Ko ya tsufa ka cire, masu zubin tukunya za su saya a kilo. Aibinsa laushi. Mai kauri 3/10, wato kashi uku cikin goma na milimita, na rumfa ne da shago, in yaro ya hau ɗauko ƙwallo sai ya lotsa, iska kuma tana yaga shi a bakin ƙusa. Gidan zama ka nemi tol bak, wato dogon kwanon nan mai tudu da faffaɗan kwari, 5/10, in da hali 6/10.

Na ƙarfe iri biyu ne. Akwai mai rufin tutiya zalla, shi ne wanda ke yin ja da tsatsa in ya kwana biyu. Akwai aluzinc, wanda aka lulluɓe da haɗin alminiyum kashi 55 da tutiya wajen kashi 43, ya fi wancan daɗewa sosai, ya kuma fi alminiyum tauri. A ƙasa busasshiya irin tamu yana kai mutum nesa. In kuɗinka bai kai alminiyum mai kauri ba, gara aluzinc mai kauri da alminiyum siriri.

Sai ka yi hattara da awo. Akwai masu rubuta 5/10 a rasit su loda maka 4/10 ko ƙasa da haka, ido ba ya rabewa. Ka je da ma'aunin kauri na makanikai, ka auna da kanka, ba falle na sama kaɗai ba, ka zaro daga tsakiya. Mai fenti kuma ka tuna fentin ya ƙara masa kauri. Ka juya bayansa ka nemi hatimin masana'anta, ka kankara gefe da makulli. In fentin ya ɓare ɓawo-ɓawo, feshin bayan shago ne. Araha ba ta ado.

Baba Kafinta (Marwa, Domayo): Alhaji ya faɗi gaskiya. In ƙara da na aiki. Alminiyum ba ya shiri da ɗanyen siminti, yana cin sa, don haka duk inda zai taɓa bango a shafa kwalta ko a sa leda mai kauri. Ba ya shiri da baƙar ƙusa ta ƙarfe, ramin faɗaɗa yake yi har ya fara yoyo. A nemi ƙusarsa ko noti mai hula da roba, a buga a kan tudu, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kada kuma a danne har robar ta fashe.

Injiniya (Ngaundere): Ga kuma dalilin da ake jin rufi na ƙas-ƙas da hantsi da kuma bayan magariba. Alminiyum yana miƙewa da zafi ninki biyu na ƙarfe. Falle mai tsawon mita 6, in zafinsa ya canja da digiri 50 tsakanin asuba da azahar, yana ƙaruwa da wajen milimita 7, kullum ya je ya dawo. Mai duhu ya fi yin wannan motsin, ramin ƙusarsa ya fi saurin buɗewa. Ka ga launi ya shafi har yoyo.

Ɗan Gider: To mai yashin fa? Kun yi shiru a kansa. Ba ya ƙara in ana ruwa, kuma ya fi duka kyau.

Injiniya (Ngaundere): Rashin ƙara gaskiya ne, ƙanena, kuma na asali yana daɗewa. Amma nauyinsa wajen kilo 6 zuwa 7 ne a murabba'in mita, alminiyum 5/10 kuwa bai kai kilo 2 ba. Gajeru ne, suna son katako kusa da kusa da gangare mai tsayi, kuma yawancin launukan da ake kawowa masu duhu ne. Jabunsa yashin zubewa yake yi ya cika mazurari. Dogon rufin da kake so ma ga lissafinsa: a kan murabba'in mita 120, in an ɗaga shi digiri 45 zai ci kwano wajen murabba'in mita 170, in digiri 15 ne wajen 124, ban da bakin da zai fito waje. Ga ƙarin katako, ga faɗin da iska za ta daka. Mu nan Ngaundere da muke samun ruwa wajen milimita 1500 a shekara muna da hujjar ɗagawa kaɗan. Garwa wajen 1000 ne, Marwa wajen 800, Injamena ba ta cika wuce 600 ba. Digiri 15 zuwa 20 ya ishi tol bak a Garwa, kuma in ka tashi sa sola, fuskar da ke kallon kudu a wannan gangaren ta yi daidai.

Malam Sani Birkila (Injamena): Ko ya yi ɓoyayyen rufi, a ja bango ya rufe kwanon. Ba mai ganin launi, rigima ta ƙare, iska ma ba ta samun baki.

Baba Kafinta (Marwa, Domayo): Malam Sani, a nan ban bi ka ba. Ɓoyayyen rufi duk ruwansa a mazurari ɗaya yake taruwa a jikin bango. Mu nan Marwa da darbejiya ta cika gari, ganye da ledoji ke toshe bakin, ruwa ya taru ya koma ciki. Na sha cire silin da ya ruɓe saboda haka, bangon ya yi baƙi daga sama har ƙasa. Ga shi bango ba shi da inuwa, rana ta dake shi yini guda. In ka fito da bakin rufi wajen santimita 60, ka rufe ƙasansa da kyau, bango ya samu inuwa, feshin ruwa bai taɓa taga ba. Wanda ya nace sai ɓoyayye, to ya yi mazurarin da faɗi, mafita biyu, ya kuma riƙa hawa yana sharewa kafin damina.

Hajiya Maman Sadiya (Injamena): Kuma a sa mazurari a tari ruwan. Injiniya, gidan nan nawa zai tara?

Injiniya (Ngaundere): Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, Hajiya. Nasa zai zubo da wajen lita 120,000 a damina mai kyau. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya tafi, na baya a tara don wanki da ban ruwan shuka.

Baban Ummi (Garwa): Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da azahar na kai uwargida gidan ƙanina mai farin rufi a Rumde Ajiya, daga nan muka shiga na maƙwabcin. Ba ta yarda da fari tas ba, ta ce yana kashe ido, amma ta amince da ruwan madara, allon baki ruwan kofi kamar yadda Hajiya ta ce. Zan nemi tol bak 5/10 mai fentin masana'anta, fuska huɗu, in kuɗin bai kai ba in koma aluzinc. Birkila ya binne rodin yau da safe. Saura silin: na roba ko filawud?

Alhaji Mai Kwano (Kusuri): Na roba mai arha yana saki ya yi ciki in zafi ya yi yawa. Filawud ko filasta ka yi. Ruwan madara kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba, ka ba da oda da wuri, ka sayi duka a lokaci ɗaya har da hular sama, don kada launin ya bambanta.

Baba Kafinta (Marwa, Domayo): Filawud ɗin ma a shafa wa katakonsa maganin gara. Ƙofofin iskar da Injiniya ya ce a bari, kowace a sa mata raga mai ƙananan ido, in ba haka ba jemagu za su tare a ciki, warinsu ba ya fita daga silin. A bar ƙofar hawa a baranda mai faɗin da mutum zai shiga. Ka gaya wa kafintanka ya fara jera kwano daga yamma ya nufo gabas, yadda bakin haɗin zai juya wa iskar gabas baya. In ya kafa katakon, ka ɗauko hoto ka turo kafin ya ɗora kwano, in duba ɗaurin.

Baban Ummi (Garwa): In sha Allahu Baba, ranar Asabar zai fara, zan turo.